DARASI: WA KE BIYAN KUƊIN GIDAN LIKITA? GARDAMAR LAMERI DA GWAMNATI

Gidan likita na karkara yana cin kuɗi kullum, ko da marar lafiya ya zo ko bai zo ba. Firijin da ake ajiye allurar riga-kafi yana son gas ko wutar rana. Babur ɗin da majo ke hawa zuwa ƙauyuka yana son mai. Mai gadi da mai shara suna jiran albashi ƙarshen wata. Rufin kwano yana yoyo da damina, magani kuma yana ƙarewa. Duk wannan sai an biya. Amma wa zai biya? A kan wannan tambaya ake ta ja-in-ja a ƙasar Nijar tsakanin gwamnatin Yamai, da lameri, wato ma'aikatar magajin gari, da kwamitocin lafiya na ƙauyuka. Ya kamata manomi da makiyayi su san tushen gardamar, don kuɗinsu ne ake magana a kai, ƴaƴansu ne kuma ake kaiwa awo.

Matakan kiwon lafiya

Da farko sai a san yadda aka jera gidajen likita. A ƙasa akwai ɗakin shan magani na ƙauye, wanda ake kira kaz. Bisa gare shi akwai gidan likita na karkara, wanda ma'aikata ke kira CSI, inda majo ke shugabanci. Bisa CSI akwai asibitin gunduma da babban likitan gunduma. Daga nan sai asibitin jaha, kamar na Maraɗi ko Tawa ko Doso, sa'an nan manyan asibitocin ƙasa irin na Yamai da Damagaram. Ciwon da ya fi ƙarfin kaz a tura shi CSI, wanda ya fi ƙarfin CSI a tura shi gunduma.

Albashin likitoci da ungozomomin da gwamnati ta ɗauka daga baitulmalin ƙasa yake fitowa. Wannan ba shi da gardama sosai. Rigimar tana kan sauran abubuwa: magani, mai, gyaran gini, ƙananan ma'aikata, da motar ɗaukar marar lafiya.

Daga kyauta zuwa biya

Bayan samun mulkin kai a 1960, ganin likita kyauta ne a gidajen gwamnati. A waɗannan shekaru ne aka fara horar da masu ba da taimakon farko da ungozomomin ƙauye a jahar Maraɗi, aka ba su akwatin magani. Amma da kuɗin yuraniyom ya faɗi a shekarun 1980, aljihun gwamnati ya yi sanyi. Kyautar ta zama ta baki kawai. Majo ya duba mutum, ya rubuta masa takarda, ya ce ya je farmasi ya saya.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. Shawarar da aka yanke ita ce: jama'a su riƙa biyan kuɗi kaɗan, a sayi magani mai araha da kuɗin, idan ya ƙare a sake saye, kuma mutanen gari su sa ido a kan asusun.

Nijar ba ta faɗa cikin abin ido rufe ba. A 1993 aka yi gwaji a gundumomi biyu, aka bar Sayi yadda take don a gwada da ita. A Illela, marar lafiya ne ke biya duk lokacin da ya zo da sabon ciwo: babba tamma 200, wato dala 40, ƙaramin yaro dala 20. A Boboye aka bi wata hanya. Kowane mai biyan lampo ya ƙara dala 40 a shekara, ko yana da lafiya ko ba shi da ita. In ya zo gidan likita sai ya ba da dala 10 kawai, ƙaramin yaro dala 5.

A lura da bambancin nan da kyau, don shi ne zuciyar darasin. A Illela nauyin yana kan wanda ciwo ya kayar, ranar da ya fi kowa rauni. A Boboye nauyin ya rabu a kan gari duka, mai lafiya ya tallafi marar lafiya. Da aka duba sakamako, an ga cewa a Boboye mutane sun ƙara zuwa likita, har da mata da yara da talakawa, kuɗin da aka tara kuma ya fi na Illela. Duk da haka, bayan dokar 1995 da ta kafa biyan kuɗin magani a ƙasa baki ɗaya, hanyar Illela ce ta bazu ko'ina. Ita ce mai sauƙi ga ma'aikata: kuɗi na shiga hannu nan take, ba sai an jira masu tara lampo ba. Ga kuma faɗuwar darajar tamma a Janairun 1994, wadda ta sa maganin waje ya yi tsada ƙwarai.

Tun daga nan kowane CSI ya samu kwamitin lafiya da ƙaramin kwamitin kula da asusu, da mai karɓar kuɗi yana yanka tikiti a bakin ƙofa. Da kuɗin tikiti ake sayen magani, a biya mai karɓar kuɗin da mai gadi. Tsarin ya hana talakawa da yawa zuwa, wannan gaskiya ne. Amma a wurare da dama magani ya daina yankewa.

Lameri ta shigo

A zamanin shugaba Tanja Mamadu, daga 2001, aka gina kaz fiye da dubu a ƙauyuka da kuɗin yafe bashi. Gini ya tashi da sauri. Ba a zauna sosai an tsara wanda zai gyara shi in ya tsage ba.

A watan Yulin 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, aka kafa 265 a faɗin ƙasa. Kowace ta samu majalisa da magajin gari da kasafin kuɗinta. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta sake tsara ayyukansu. A Janairun 2016 gwamnati ta sa hannu kan dokar miƙa masu ayyuka a fannoni 4: ilimi, lafiya, ruwa, da muhalli. A fannin lafiya, gini da gyara da kula da kaz da CSI suka zama nauyin lameri. Dokar kuma ta ce duk aikin da aka miƙa, a miƙa shi tare da kuɗinsa.

A nan gizo ke saƙa. Magadan gari suka yi ta kuka cewa an ba su gona ba a ba su iri ba. Aiki ya iso, kuɗi bai biyo shi ba, ko ya zo kaɗan, ko ya zo a makare. Akwai hukumar da aka kafa a 2008, mai suna ANFICT, don raba tallafin gwamnati ga ƙananan hukumomi, amma abin da ke shiga asusunta ya sha kasawa da abin da aka rubuta. Haka nan kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da na man fetur da doka ta ware wa hukumomin yankunan da ake haƙo su, kamar Agadas da Difa: an sha bin gwamnati bashinsa.

Su kuma ma'aikatan lafiya da nasu ƙorafin. Suna cewa lameri na rubuta kuɗin lafiya cikin kasafi don a gani, amma shekara ta ƙare ba a fitar da ko rabi ba. Suna cewa kuɗin zaman majalisa da man motar magajin gari ba su taɓa makara ba, na gas ɗin firiji ne ke makara. Wannan zargi ba a kan kowace lameri ya faɗa ba, akwai waɗanda suka ɗauki ma'aikatan jinya da aljihunsu, suka gina ɗakin haihuwa. Amma inda ya faɗa, ya faɗa daidai. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar da ta karɓi lampo da kuɗin kasuwa ba ta da bakin cewa lafiya aikin Yamai ne kaɗai.

Akwai kuma wata gardama ta iko, wadda ba a cika faɗa a fili ba. Majo yana karɓar umurni daga babban likitan gunduma, shi kuma daga darektan lafiya na jaha, shi kuma daga minista. Magajin gari ba ya cikin wannan layi. Sai ya ce: ta yaya zan zuba kuɗi inda ba a nuna mini lissafi? Likita kuma ya ce: ta yaya wanda bai karanci aikin ba zai gaya mini abin da zan saya? Kowane yana da ɗan gaskiya, kuma muddin ba su zauna tabarma ɗaya da takardun lissafi a gabansu ba, maganar ba ta ƙarewa.

Aljihun lameri

Kafin a ga laifin lameri duka, sai a leƙa aljihunta. Ƙaramar hukumar karkara tana samun kuɗi daga lampo, da kuɗin rumfunan kasuwa, da na cinikin dabbobi, da na tasha da mahauta. Shekaru da yawa lampon karkara tamma 700 ne a kan kowane mai biya, wato dala 140. Masu gari ne ke tarawa, a ba su ladansu a ciki.

Ga lissafi na misali, a yi shi a kan allo. A ɗauka wata hukuma tana da masu biyan lampo 10,000. In kowa ya biya, 10,000 sau 700 ya ba da tamma miliyan 7. To, a ce damina ta yi gardama, samari sun tafi cin rani, rabi kawai suka biya. Abin da ya shiga miliyan 3 da rabi ke nan. Daga ciki za a cire ladan masu tarawa, a biya magatakarda da sauran ma'aikata, a gyara rijiya, a sa wa aji rufi. Me ya rage wa gidan likita?

Wanda ya ƙi biyan lampo yakan ce bai ga abin da aka yi da na bara ba. Lameri kuma ta ce ba ta yi komi ba don ba a biya ba. Haka abin ke zagayawa kamar raƙumin mai. Wanda ke riƙe da asusu shi ya kamata ya fara karya wannan zagaye, ya fito ya karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita.

Kyautar 2006 da bashin da ta bari

Babbar rigimar kuɗi ta taso ne daga abin alheri. A 2005 gwamnati ta ce fiɗar haihuwa kyauta ce. A 2006 ta ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da tsarin tazarar haihuwa. Iyaye mata suka yi murna, kuma suna da dalili. Yara suka cika gidajen likita. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna cewa a 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa, 226 ke mutuwa kafin su cika shekara 5. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Kyautar magani na cikin dalilan, tare da kaz, da gidan sauro, da kula da tamowa.

Sai dai kalmar kyauta tana ruɗi. Maganin ba daga sama yake faɗowa ba. Ma'anarta ita ce uwa ba ta biya, gwamnati ce za ta biya a madadinta daga baya. Lokacin da aka fara, an yanka tamma 500, wato dala 100, a kan kowane yaron da aka duba a CSI. Majo ya yi aiki da maganin da ke cikin kabad, ƙarshen wata ya cika takardar neman biya. Takardar ta tafi gunduma, daga gunduma ta tafi jaha, daga jaha ta tafi ma'aikatar lafiya a Yamai, daga can ta tafi ma'aikatar kuɗi. In an biya, kuɗin ya biyo hanya ya dawo.

Tafiyar takarda ba ta da wuya, dawowar kuɗin ce ta gagara. Wata ya wuce, shekara ta wuce, wasu takardun suka shekara biyu ko fiye. Bashin ya kai miliyoyi dubbai, har aka kira babban taron ƙasa a kan maganar a Yamai a 2012.

Ga lissafi na biyu. A ɗauka wani CSI yana duba yara 600 a wata. 600 sau 500 ya ba da tamma 300,000, wato jika 300. In aka yi wata 10 ba a biya ba, yana bin gwamnati jika 3,000, wato miliyan 3. Da wane kuɗi zai sake cika kabad? Yara su ne suka fi kowa yawa a layin likita, to mafi yawan tikitin da ke ciyar da asusu ya daina shigowa. Sai kwamiti ya ci bashin magani, mai ba da bashi ya gaji ya rufe ƙofa. Uwa ta zo da yaro mai zazzaɓi, a duba shi kyauta, a miƙa mata takardar farmasi. An koma gidan jiya.

A wasu gundumomi ƙungiyoyin agaji suka tsaya a tsakani, kamar HELP a Mayahi da Tera, suka sa magani bai yanke ba. Inda babu su, kwamitin lafiya ya nufi lameri da kuka. Magajin gari ya ce ba shi ya yi alkawarin kyauta ba, wanda ya yi alkawari shi zai cika. A bisa doka ya yi gaskiya. Amma ba Yamai mutane ke zuwa ba in yaro ya rasu, ƙofar lameri da ta mai gari suke zuwa.

Maganar mota da ƙarin dala 20

Babu inda gardamar ta fi zafi kamar wajen ɗaukar marar lafiya. Mace tana naƙuda ta gagara da dare, asibitin gunduma yana nesa. Fiɗar kyauta ce, amma gazuwal ɗin motar da za ta kai ta fa? Sau da yawa sai miji ya nemo kuɗin mai kafin mota ta tashi, ya sayar da akuya ko ya ci bashi, lokaci kuwa yana tafiya.

A jahar Doso aka samo wata dabara. Duk wanda ya zo ganin likita ya ƙara tamma 100, wato dala 20, a zuba a asusu dabam na mai da gyaran mota. Ranar da aka bukaci mota, ta tashi ba tare da an tambayi iyali komi ba. Dabarar ta yi aiki, wasu gundumomi suka kwaikwaya. Sai ma'aikatar lafiya ta ce karɓar dala 20 daga hannun uwar ƙaramin yaro ya saɓa wa dokar kyauta. Asusun ya rame, don yara ne masu yawa. A takarda ma'aikatar ta kare doka, amma ba ta aiko da gazuwal a madadin abin da ta hana ba. Wannan dabara ƴar'uwar ta Boboye ce: kowa ya ba da kaɗan don kada mutum ɗaya ya ba da mai yawa ranar tashin hankali. Irin wannan asusu shi ne wurin da kuɗin lameri zai fi amfani, don jika kaɗan a nan yana iya tsamo rai biyu, uwa da jariri.

Rabon gwamnati

A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinta. Nijar, kamar yawancin ƙasashen, ta yi shekaru tana ƙasa da wannan. Yaƙi da ƴan ta'adda a Difa da Tilaberi ya ƙara janye kuɗi zuwa tsaro. Ko abin da aka rubuta ma, ba duka baitulmali ke saki ba. Rijiya ta ba da, guga ya hana.

Abin da ya sake a 2024

Abubuwa biyu suka faru a 2024. A watan Afrilu hukumomin soja suka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jahohi, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. A da, kasafin kuɗi sai majalisa ta zauna ta amince, kuma wakilin kowane yanki yana iya tashi ya ce kaz ɗin ƙauyensu ba shi da rufi. Da rushe majalisun, wannan murya ta koma hannun kwamitocin lafiya da masu gari da sarakuna, su ne za su kai kuka wurin kantoma.

A watan Agusta kuma gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da kwanciya da rabi a gidajen likitanta, ta ce haihuwa kyauta ce, daga 1 ga Satumba. Wannan sauƙi ne babba ga mai iyali. Amma wanda ya bi darasin nan daga farko ya san tambayar da ke biye. Tikiti ya ragu da rabi, to rabin da ya fita daga asusun CSI dole wani ya cike shi, kuma a kan lokaci. Abin da ya faru bayan 2006 ya nuna yadda kabad ke zama in cikon ya makara.

Aikin wanda ya iya karatu

A nan ne yaƙi da jahilci ke da rana. Kwamitin lafiya na jama'ar gari ne, su ke zaɓen shugaba da ma'aji. Inda ma'aji bai iya karatu ba, sai ya dangwala yatsa a kan abin da aka rubuta masa. Inda ya iya, zai buɗe littafin asusu ya gwada shi da guntayen tikiti. Zai ƙirga kwalayen magani ranar da aka kawo su. Zai rubuta ranar da takardar neman biya ta tafi gunduma da yawan kuɗin da ke ciki, don in an tambayi nawa ake bin gwamnati, a ba da amsa da lamba.

Haka nan a wajen lameri. Kasafin kuɗi ba sirri ba ne, doka ta ba ɗan ƙasa damar neman ganinsa. Lambobi biyu za a nema a layin lafiya: abin da aka rubuta za a kashe farkon shekara, da abin da aka kashe a zahiri ƙarshenta. In an rubuta jika 800 aka fitar da jika 200, kwamiti ya san jika 600 zai tambaya, ya kuma san wanda zai tambaya. Lokacin kai bukata shi ne kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa, wato bayan girbi, sa'ad da ake shirin tara lampo. Kwamitin da ya zo da takarda a rubuce, da kuɗin gyaran rufi da na gas da na gazuwal kowanne a layinsa, ya fi samun kunne bisa wanda ya zo a watan Yuli bayan ruwa ya riga ya jiƙa magani.

A cibiyar karatu, malam da ɗalibai su sake yin lissafin nan biyu da lambobin garinsu. A tambayi mai gari yawan masu biyan lampo, a tambayi majo yawan yaran da ya duba a watan jiya da watannin da yake jira a biya shi.